Fashin Baƙi: Me Ya Sa Ake Cewa Hotonka Ya Yi Nauyi, Kuma Yaya Ake Rage Shi Ba Tare Da Ya Lalace Ba?

Me ya sa hoton da ka tura wa mutane ta WhatsApp ya tafi ba gardama, amma da ka zo ɗora shi a fom ɗin neman aiki ko na biza ko na makaranta sai a ce maka ya wuce iyaka? Ga hoton nan a tafin hannunka, bai fi faɗin allon waya ba. To ina yawan yake? Wani ma ba a gaya masa komai, sai dai ya zuba ido da'ira tana ta juyawa, can fom ya dawo masa fanko. Daga nan zargi ya tashi. Wannan ya ce netwok ne, wancan ya ce wayar ce ta tsufa, wani ya rantse masu shafin ne ba sa son a cike. Akwai ranar da ɗayansu zai yi gaskiya. Amma galibi maganar lissafi ce mai sauƙi, wadda masu ƙera waya da masu gina shafuka suka ɗauka kowa ya sani, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da mutane ya yi musu bayaninta.

Abu uku ake nufi da girman hoto

Na farko shi ne tsawo da faɗi. Kowane hoton waya ko kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo da launinsa, ana kiran ɗigon fiksel. Idan ka duba bayanan hoto ka ga an rubuta 4000 x 3000, ana nufin ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye. Ka ninka su, ka sami miliyan 12. Wannan shi ne megafiksel 12 da ake rubutawa a kwalin waya.

Na biyu shi ne nauyi, wato wurin da fayil ɗin ya cinye a ma'ajiyar waya da yawan datar da zai sha kafin ya isa inda aka tura shi. Ana auna shi da kilobait da megabait, su ne KB da MB. Megabait ɗaya kilobait 1000 ne, wasu na'urorin kuma suna lissafa shi 1024. Saboda wannan ɗan bambancin, idan an ce kada hoto ya wuce MB 2, kada ka kai shi bakin iyaka daidai wa daida, bar masa ɗan sarari.

Mutum na iya ɗaukar buhun auduga da buhun yashi masu girma ɗaya, amma kafaɗarsa za ta gaya masa bambancin. Haka hotuna biyu za su iya zama 4000 x 3000 dukansu, ɗaya MB 1 ɗaya MB 6. Shi ya sa idan shafi ya ƙi karɓar hoto, tambayar farko ita ce: wanne daga cikin biyun yake ƙorafi a kai? Idan ka ga KB ko MB a saƙon, nauyi ne. Idan ka ga lambobi biyu da alamar x a tsakani, ko haruffan px, tsawo da faɗi ne. Wasu shafukan duka biyun suke nema.

Na uku ba ya shigowa sai za a wanke hoto ko a buga shi a takarda, shi ne DPI, wato ɗigo nawa za a cusa a kowane inci. Masu ɗab'i sun saba neman 300. Hoto mai inci 4 da 6 kenan yana buƙatar fiksel 1200 x 1800, takardar A4 cikakkiya kuma 2480 x 3508. A kan allo kuwa wannan lambar ba ta da wani aiki. Ana yawan jin wai hoton intanet sai ya zama DPI 72. Maganar ta samo asali ne daga allon kwamfutar Macintosh ta 1984 mai ɗigo 72 a inci, aka yi ta gadonta har yau. Ka canza lambar daga 300 zuwa 72 ba tare da ka taɓa yawan fiksel ba, nauyin hoton yana nan yadda yake.

Daga ina nauyin yake zuwa?

Kowane fiksel yana ɗauke da lambobi uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, kuma tana cin bait ɗaya. Haɗa ukun ke ba da launuka sama da miliyan 16. Fiksel miliyan 12 sau bait 3 ya zama megabait 36. Wannan shi ne nauyin ainihi na hoto guda, da za a ajiye shi ɗanye yadda yake. Abin da ya sa kake ganin MB 3 ko 4 a wayarka, tun a lokacin ɗauka wayar ta riga ta matse shi.

Abin bai fara da haka ba. Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta a 1957, wanda Russell Kirsch ya yi da hoton jaririnsa a Amurka, fiksel 176 x 176 ne kacal. Kyamarar da injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa a 1975 tana ɗaukar fiksel dubu goma ne, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset. A 2023 kuwa Samsung ta fitar da Galaxy S23 Ultra mai kyamarar megafiksel 200. Wayoyi masu 48 da 50 da 108 sun zama ruwan dare, ko da yake yawancinsu suna haɗa ɗigo huɗu ko fiye su zama ɗaya, su ba ka hoton megafiksel 12 ko kusa da haka, sai in kai ka kunna cikakken ƙarfin da hannunka.

To ga inda gizo ke saƙar. Allon da za a kalli hoton bai bi kyamara a wannan tseren ba. Allon kwamfuta na yau da kullum 1920 x 1080 ne, fiksel miliyan 2 da ɗan ɗoriya. Talabijin ta 4K ma 3840 x 2160 ce, kimanin miliyan 8.3. Idan ka tura hoto mai fiksel miliyan 12 ga wanda zai buɗe shi a allo mai miliyan 2, na'urarsa za ta ƙanƙantar da shi ne don ya shiga allon. Kashi biyar cikin shida na abin da ka kashe data ka aika ba zai gan shi ba, sai fa in ya zuƙo hoton yana neman wani lungu. Shi ya sa Instagram ta daɗe tana mayar da hotuna faɗin fiksel 1080, Facebook kuma 2048, kuma ba wanda ya fasa kallo.

Abin da JPEG ke zubarwa

Yawancin hotunan duniya JPEG ne, tsarin da wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya kammala a 1992. Lissafin da ke ƙarƙashinsa Nasir Ahmed ne ya kawo shi, ɗan asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka, ya wallafa shi tare da abokan aikinsa biyu a 1974. Ya kamata a fahimci yadda yake aiki, domin duk wata lalacewar hoto da mutane ke kuka da ita daga nan take.

JPEG ya ginu ne a kan raunin idon ɗan Adam. Ido yana saurin gane bambancin haske da duhu, amma ba ya da kaifi haka wajen ƙananan bambance-bambancen launi. Saboda haka matakin farko shi ne a raba haske daban, launi daban, a bar hasken cikakke, a rage bayanan launin, sau da yawa zuwa rubu'i. Ba ka lura. Sai a yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 x 8, a duba kowanne a ware abin da ke canzawa a hankali, kamar sararin sama ko fatar kumatu, da abin da ke canzawa da sauri, kamar silin gashi ko saƙar yadi. Na biyun ne ake zaftarewa. Lambar inganci da manhajoji ke nuna maka, daga 1 zuwa 100, tana nufin yawan abin da ka yarda a zaftare.

Daga nan abubuwa da dama suke bayyana kansu. Hoton mutum a jikin farin bango ba ya nauyi, domin gidajen bangon duk abu ɗaya suke maimaitawa. Hoton bishiya mai ganye ko taron jama'a yana nauyi, domin kowane gida da nasa labarin. Hoton da aka ɗauka cikin duhu yakan fi nauyi fiye da yadda ake zato, saboda tsakuwa-tsakuwar da ke fitowa a hoton dare, JPEG yana ɗaukar ta a matsayin bayani ne yana ƙoƙarin adanawa. Idan kuma aka matsa da yawa, gidajen nan na 8 x 8 su ne ke fitowa fili, ka ga fuska ta yi dabbare-dabbare, gefen rubutu ya yi kamar an shafa masa hayaƙi.

A ganina lambar 100 asara ce kawai ga hoton da za a kalla a allo. Tsakanin 100 da 85 nauyi yakan faɗi warwas, ya ragu da rabi ko fiye, ido kuwa da wuya ya ga bambanci. Tsakanin 85 da 75 har yanzu lafiya lau. Ƙasa da 60 ne ake fara garin neman gira a rasa ido, nauyin da ake ragewa kaɗan ne, lalacewar kuma a bayyane. Sai dai lambar ba ɗaya take a kowace manhaja ba, 80 ta wannan na iya zama 70 ta waccan, don haka buɗe hoton ka duba da idonka kafin ka tura.

Abu mafi muhimmanci shi ne, abin da JPEG ya zubar ya tafi kenan. Duk lokacin da aka buɗe hoto aka gyara aka sake adanawa, ko wata manhaja ta sake matse shi, ana ƙara zaftarewa ne a kan abin da aka riga aka zaftare. Hotunan nan da ke yawo daga waya zuwa waya har su koma dishi-dishi, rubutunsu ba ya karantuwa, ba tsufa suka yi ba, hannu ne ya yi musu yawa.

Me ya sa shafuka ke kafa iyaka, kuma laifin wa?

Masu shafi suna da hujjarsu. Wurin ajiya kuɗi ne. Hukumar da za ta karɓi hoton mutum miliyan ɗaya, idan kowane hoto MB 4 ne tana buƙatar terabait 4, idan kuma KB 100 ne gigabait 100 ya ishe ta. Ga kuma ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗari-ɗari a rana. Iyakar kuma kariya ce, don kada wani ya cika musu sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, da manyan fayiloli da gangan.

Amma ba kowace iyaka ce aka zauna aka yi tunaninta ba. Harshen kwamfuta na PHP, wanda aka gina ɗimbin shafukan duniya da shi, yana zuwa ne da iyakar MB 2 ga kowane fayil idan ba a canza ba. Manhajar sabar da ake kira nginx tata iyakar ta asali MB 1 ce, idan aka wuce ta sai ta jefo lambar kuskure 413. Waɗannan lambobi sun dace da zamanin da aka sa su. Mai gina shafi ya manta bai taɓa su ba, kyamarori suka yi gaba, mai cike fom ya kwana a ciki. Idan ka taɓa mamakin me ya sa MB 2 ke yawan fitowa a wurare daban-daban da ba su san juna ba, ga ɗaya daga cikin dalilan.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu masu fasaha suna cewa aikin shafi ne ya karɓi hoto kowane iri ya rage shi da kansa, kamar yadda Facebook da WhatsApp suke yi, mai amfani bai ma san an yi ba. Wasu suna cewa gara mutum ya rage da kansa, domin shi ya san abin da ke da muhimmanci a hotonsa, kuma ragewar inji ba ta san bambancin hoton biki da takardar shaida mai ƙananan rubutu ba. Ni dai na fi karkata ga na farko idan ana maganar fom ɗin da talaka ba shi da zaɓi sai ya cike. Burauzar yau, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana iya rage hoto a cikin wayar mutum kafin ma ya bar ta. Shafin da ya ƙi yin haka, sannan ya kasa rubuta wa mutane a sarari nauyi nawa da faɗi nawa yake so, ya ɗora musu aikin da nasa ne.

Duk da haka mai ragewa da kansa yana da riba ko ba a tilasta masa ba. Layukan intanet da yawa sun fi sauri wajen saukewa fiye da ɗorawa. Kuma saurin da kamfanoni ke tallatawa da megabit ake auna shi, bait ɗaya kuwa bit takwas ne. Hoto mai MB 4 megabit 32 ne. A layin da ke ɗora megabit ɗaya a daƙiƙa, sai ya yi daƙiƙa 32, in sabis ya ɗan yanke a tsakani a koma farko. Hoto mai KB 300 a wannan layin bai kai daƙiƙa uku ba.

Yankewa, ragewa, matsewa

Ayyuka uku ne mabambanta, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Kafin komai, yi kwafi. A kan kwafin za ka yi aiki, asalin ya zauna inda yake, domin wasu manhajojin suna adana gyara a kan asalin ba tare da sun tambaye ka ba.

Yankewa ita ce farko: a datse gefe-gefen da ba a buƙata. Ita ce kuma hanyar da ta dace ta canza siffar hoto. Kyamarar waya takan ba da 4:3, allon kwamfuta 16:9 ne, hoton shaida sau da yawa murabba'i ne, tsawo da faɗi ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki hoto mai 4000 x 3000 ya rubuta 600 da 600 a wurin ragewa. Manhajar za ta yi biyayya, ta matso gefe biyu, fuska ta fito siririya doguwa kamar ba tasa ba. Sai an yanka shi ya zama murabba'i tukuna a rage. A manhajojin ragewa akwai alamar sarƙa ko kwaɗo tsakanin akwatin tsawo da na faɗi. Bar ta a kulle, ka rubuta lamba ɗaya, ɗayar ta cike kanta.

Ragewa ita ce ke yin babban aikin, kuma lissafinta yana ba mutane mamaki. Idan ka raba tsawo biyu ka raba faɗi biyu, hoton bai koma rabi ba, ya koma rubu'i. Daga 4000 x 3000 zuwa 2000 x 1500, fiksel miliyan 12 sun zama miliyan 3. Zuwa 1600 x 1200 kuma ba su kai miliyan 2 ba. Ga hoton da za a kalla a allo kawai, 1600 zuwa 2000 a ɓangaren da ya fi tsawo ya wadatar, kuma da inganci 80 yawanci zai faɗo ƙasa da rabin megabait. Takarda mai rubutu tana son a yi mata sassauci. A4 mai 1240 x 1754 tana karantuwa sarai, ƙasa da haka sosai ƙananan haruffa da hatimi su fara narkewa.

Matsewa ita ce ta ƙarshe, kuma a yi ta sau ɗaya. Wanda ya tsallake ragewa ya ce lallai sai ya danne hoto mai fiksel miliyan 12 ya shiga KB 100, dole ya saukar da inganci ƙasa sosai, ya sami ƙaton hoto mai muni. Da ya rage faɗin tukuna, da ya sami ƙarami mai kyau a nauyi ɗaya.

Ɗauki ƙa'idar hoton bizar Amurka a matsayin misali, tunda a rubuce take ƙarara. Dole ya zama JPEG, murabba'i, daga 600 x 600 zuwa 1200 x 1200, kada ya wuce KB 240, kuma kada matsewar ta wuce kashi 20 zuwa 1. Hoto mai 600 x 600 fiksel 360,000 ne, ɗanyensa ya ɗan haura megabait ɗaya. Idan ka raba da 20 ka sami kimanin KB 54. Ashe akwai rufi akwai kuma daɓe: tsakanin 54 da 240 ake so ya faɗa. Mai yanka ya rage zuwa 600 ya adana da inganci 85 zai tsinci kansa a tsakiya ba wahala.

Kayan aikin kuma suna hannunka tuni. A Windows, manhajar Paint tana da maɓallin Resize, ka zaɓi Pixels. A Mac, Preview tana da Adjust Size a ƙarƙashin Tools. Gallery ta wayoyin Samsung tana da wurin rage girma a cikin sashen gyara hoto. Manhajar Mail ta iPhone tana tambayarka girman da kake so idan za ka aika hoto, kana iya aika wa kanka. Akwai kuma Squoosh da ma'aikatan Google suka fitar a 2018, ana buɗe ta a burauza, tana nuna asali da ragagge gefe da gefe tare da nauyin kowanne, kuma a cikin na'urarka take aikin, hoton ba ya zuwa ko'ina.

Idan nauyi daidai ne amma an ce nau'in fayil bai yi ba

Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone tana adana hotuna a tsarin HEIC, wanda ke ba da inganci kusan ɗaya a kusan rabin nauyin JPEG. Tsari ne mai kyau, amma shafuka da yawa ba su san shi ba. Mai son hutawa ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible, daga nan sababbin hotunansa JPEG ne. WebP na Google, wanda ya fito a 2010, shi ma yakan gamu da irin wannan ƙin karɓa idan ka sauke hoto daga intanet kana son ɗora shi wani wuri.

PNG kuwa, na 1996, ba ya zubar da komai. Ya dace da tambari, zane, taswira, da hoton allo mai rubutu. Ga hoton kyamara kuma nauyinsa yakan ninka na JPEG sau da yawa.

Canza sunan fayil daga .heic zuwa .jpg bai mayar da shi JPEG ba, cikinsa yana nan yadda yake. Sai an buɗe shi a manhaja an sake fitar da shi a sabon tsarin.

Dabarun gaggawa da abin da ke bayansu

Akwai masu buɗe hoto su yi masa sikirinshot. Yakan yi aiki, domin sabon hoton girman allon wayar ne. Amma yana zuwa da baƙin sarari sama da ƙasa, wani lokaci har da agogo da alamar batir, kuma a wasu wayoyin PNG yake fitowa, ya ƙare ya fi asalin nauyi.

Akwai masu tura wa kansu ta WhatsApp su sauke ragaggen. Wannan ta fi, kuma ga hoton yau da kullum ba laifi. Illarta ba kai ke zaɓar faɗi ko inganci ba. A tuna kuma da akasin haka: mai son hoto ya isa yadda yake, misali za a kai wa mai wankin hoto ko mai zane, ya tura shi a matsayin Document. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya inganta abin, amma har yanzu ana matsewa. Ta imel ma yana isa cikakke, sai dai Gmail ba ta wuce MB 25 a saƙo ɗaya.

Wadda ta fi damuna ita ce ta shafukan rage hoto kyauta. Da yawansu sai ka ɗora hoton a sabarsu sannan su rage su dawo maka da shi. Idan hoton fure ne, ba komai. Idan fasfo ne, ko katin shaida, ko takardar banki, ka miƙa wa wanda ba ka sani ba kwafin da ya fi kowanne fitowa garau, kuma alkawarin da suka rubuta na gogewa bayan awa kaza ba ka da hanyar tabbatar da shi. Irin waɗannan takardu a rage su da abin da ke cikin na'ura.

Abin da hoto ke ɗauke da shi a ɓoye

Ban da fiksel, fayil ɗin hoto yana da wani ɗan sashe da ake kira Exif, tsarin da masana'antun Japan suka fito da shi a 1995. A ciki akwai samfurin waya, rana da lokacin ɗauka, kuma idan an bar kyamara tana amfani da GPS, har da daidai wurin da aka tsaya. A Disambar 2012, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin riga-kafin kwamfuta mai sunansa, yana ɓuya daga 'yan sandan Belize, sai mujallar Vice ta wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba a goge wannan sashen ba. Nan take mutane suka karanta suka ga yana Guatemala. Bayan 'yan kwanaki aka kama shi a can.

Manyan dandamali irin su Facebook da Instagram suna cire waɗannan bayanai daga kwafin da jama'a ke gani. Imel ba ya cirewa, Document na WhatsApp ba ya cirewa, ƙananan shafuka da yawa ma haka. Mai sayar da kaya da ya ɗauki hoto a cikin gidansa, ko uwa da ta ɗauki 'ya'yanta a ƙofar makaranta, ya kamata su san da wannan. Rage girman hoto ba lallai ya goge shi ba, ya danganta da manhajar. A iPhone, idan ka danna alamar turawa akwai Options a sama inda ake kashe Location. A Windows ana shiga Properties, sannan Details, a ƙasa akwai wurin cire bayanan.

Exif ɗin nan ne kuma ke sa hoto ya kwanta. Idan ka riƙe waya a tsaye, sau da yawa kyamara tana adana hoton a kwance ne, ta rubuta 'yar alama cewa a juya shi kafin a nuna. Wayarka tana karanta alamar, tsohon shafi ba ya karantawa, sai ka ga kanka a kishingiɗe a kan fom. Maganinsa ka buɗe kwafin, ka ɗan yanke gefensa, ka adana. Yawancin manhajoji a lokacin suke jera fiksel ɗin a tsaye da gaske.

Ƙaramin hoto zai iya komawa babba?

Wani lokaci ƙorafin a juye yake, a ce hoton ya yi ƙanƙanta. Kana iya rubuta 1200 a inda 300 take, manhaja za ta cike giɓin da ƙiyasi daga ɗigon da ke maƙwabtaka, lambar ta cika, hoton ya fito dishi-dishi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna fitar da shi tar, har mutum ya yi murna, amma gashin gira da layin leɓe da ƙwayar idon da suka zana ƙirƙira ce daga fuskokin wasu da suka koya, ba abin da kyamara ta gani ba ne. Ga tsohon hoton tunawa, mutum na iya yarda da haka in ya ga dama. Ga hoton shaida kuwa haɗari ne, domin hukumomin fasfo da biza ba sa karɓar hoton da aka sauya kamannin fuska a cikinsa, haruffa da lambobin takarda ma irin waɗannan manhajoji sukan canza su su zama wasu. Idan asalin hoton yana wayar wanda ya ɗauka, a roƙe shi ya turo ta imel ko a matsayin Document. Idan babu, a tsaya a jikin farin bango inda haske yake, a sake ɗauka.